Kwana biyar a Banda Aceh, garin da teku ya taɓa shiga

Toh ga labarin da na yi alƙawari tun da na dawo, na yi ta ja da baya ne saboda abin da na gani a can ba irin wanda mutum zai zauna ya rubuta cikin raha ba ne, amma dai bari in fara daga farko.

Wani abokina ne ɗan Aceh, wani lardi a Indunusiya, da muke karatu tare a Maleshiya ya matsa min sai na bi shi gida hutu, shi karatunsa a kan ruwa da gaɓar teku ne, kullum muka zauna cin abinci sai ya sako zancen tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ke jawowa, har na fara ce masa Malam Tsunami. Biza ce ta fi ba ni wahala, masu irin fasfonmu ba a buga mana a filin jirgi, sai wani na can ya tsaya maka an tura takardu an jira, na kusa haƙura wallahi. Da ta fito muka tashi daga Kuala Lumpur da safe, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma da yake agogonsu yana bayan na Maleshiya da awa ɗaya sai ka ga kamar rabin awa kawai ka yi. A filin jirgin Sultan Iskandar Muda aka ware ni gefe aka yi ta juya fasfo ana tambaya, me ya kawo ka, wa ka sani, ina za ka kwana, abokina na tsaye daga nesa yana ta ɗaga musu hannu. Da suka ji sunana kuma na yi sallama sai fuska ta saki, ɗayan har da tambayata ko na iya karatun Ƙur'ani. Na canza dala ɗari aka miƙo min rufiya sama da miliyan, na ce yau dai na zama miloniya, ashe kuɗin ba su da nauyi, kofi ɗaya ma dubbai ne.

A hanyar shiga gari, ko minti goma ba mu yi ba, abokina ya ce wa direba ya tsaya. Wani fili ne kore shar, an kewaye shi, ciyawa a gyare, ba kabari ko ɗaya da za ka nuna ka ce ga shi. Ya ce nan ne Siron, mutum sama da 46,000 da tsunamin 2004 ta kashe ne kwance a ƙarƙashin ciyawar nan, yawancinsu ba a san sunansu ba. Ni da na zo da niyyar yawon buɗe ido sai jikina ya yi sanyi tun ban ajiye jaka ba. Muka yi addu'a muka wuce, a motar ba wanda ya ƙara magana.

Gidansu na sauka, mahaifiyarsa ta karɓe ni kamar ɗanta, ni kuma na bi bakin abokina ina ce mata Mak, baban kuma Ayah. Abinci kam sai wanda ya iya yaji. Akwai taliyarsu mie Aceh mai kauri da ake soyawa da kayan ƙamshi da jatan lande ko ƙaguwa, da wata kaza da suke kira ayam tangkap wadda ake binne ta cikin soyayyen ganye sai ka tona ka nemo tsokar. Su kuma mutanen garin rayuwarsu a shagon kofi take, tun bayan asuba har dare, ana tace kofin ta wata jakar ƙyalle ana ɗaga hannu sama ana zubowa, in an sa madara kaɗan su ce sanger. Magariba muka yi a masallacin Baiturrahman mai baƙaƙen ƙubbobi, farfajiyar da manyan lemomi irin na Madina. Nan mutane da yawa suka fake ranar da ruwan ya zo, ya kewaye masallacin da tarkace amma ginin bai faɗi ba.

Washegari muka tafi gidan tarihin tsunami wanda aka buɗe a 2009. Ƙofar shiga wani siririn lungu ne mai duhu, bango dogo hagu da dama, ruwa na gangarowa a jikinsa yana fantsamo maka, ga sautin karatu a hankali, ba ka ganin gabanka sosai. Da gangan aka yi shi haka. Daga nan sai ka faɗa wani ɗaki zagayayye mai tsawo kamar kana cikin rijiya, an manna sunayen mamata a bango tun daga ƙasa suna hawa, can ƙololuwa inda haske ke shigowa an rubuta Allah. Wata mata na gani ta sa yatsa tana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, na kauce na ba ta wuri.

Abin ya faru ne ranar Lahadi 26 ga Disamba 2004, wajen ƙarfe takwas saura na safe. Girgizar ƙasa mai ƙarfin 9.1 a ƙarƙashin teku yamma da tsibirin Sumatra, ta ɗauki kusan minti goma ana jijjiga, mutane ba sa iya tsayuwa sai zama a ƙasa. Da ta lafa kowa ya fito yana duba gini, ana ta hamdala an tsira. Bayan kamar minti ashirin ruwa ya iso. A Aceh kaɗai mutum wajen 170,000 suka tafi, gaba ɗaya kuma kusan 230,000 a ƙasashe 14.

Ni tambayar da ta tsaya min tun ina yaro muna jin labarin a rediyo ita ce, ta yaya girgizar da aka yi a Indunusiya za ta kashe masunci a Somaliya? Mu da ba mu tashi kusa da teku ba, in an ce igiyar ruwa abin da muke hangowa shi ne ruwa ya taso ya faɗi ya mutu a wurin. Da muka fito muka zauna shagon kofi na yi wa abokina tambayar, shi kuwa kamar jira yake, ya jawo faranti biyu ya tura bakin ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ya ce ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, falle-falle ne, kuma a nan fallen Indiya yana kutsawa ƙarƙashin na Bama, 'yan santimita a shekara. Sai bakinsu ya cije, na ƙasa yana jan bakin na sama yana lanƙwasa shi shekara ɗaruruwa, ranar da ya suɓuce sai na saman ya yi tsalle ya koma. Ya saki farantin ya yi ƙara har na kusa da mu suka juyo. Ya ce ranar nan tsagar ta kai tsawon kilomita 1,300 ko fiye, daga nan har tsibiran Andaman, ƙasan teku ya ɗaga da 'yan mitoci a lokaci guda, kuma duk ruwan da ke kansa tun daga ƙasa har sama shi ma ya ɗaga. Toh ruwa ba ya zama a tudu, dole ya baje, bajewar nan ita ce tsunami.

Na ce to ai iska ma tana tayar da igiya. Ya ce nan ne bambancin yake. Igiyar iska fatar ruwa kawai take motsawa, in ka nutsa ƙasa sosai ba ka jin ta, tsakanin wata da wata 'yan daƙiƙoƙi ne. Ita kuwa wannan ruwan gaba ɗayansa ne ke motsi, zurfin kilomita huɗu, kuma tsakanin doron igiya ɗaya da na bayanta sai ka yi tafiyar kilomita ɗaruruwa. Gudunta kuma zurfin ruwa ne ke yanke shi, iya zurfi iya gudu. Ya ɗauki biro ya yi lissafin a bayan takardar kuɗin kofi: inda zurfi ya kai mita 4,000 tana yin kusan kilomita 700 a awa, wato kafaɗa da kafaɗa da jirgin sama. Inda zurfi ya dawo mita 50 sai ta sauko wajen kilomita 80. A mita 10, wajen 36. Na ce ashe tana rage gudu kenan in ta zo gaci, ai da sauƙi. Ya yi wata irin dariya ya ce ka iya gudun kilomita 36 a awa da yaro a kafaɗa? Kuma rage gudun shi ne masifar, don gaban igiyar ya taka burki bayanta kuwa yana can cikin zurfi yana tahowa a guje, sai ruwan ya haɗu ya cunkushe ya miƙe sama. A Lhoknga nan yamma da gari an auna inda ruwa ya kai mita 30 a jikin tudu.

Wannan takardar har yanzu tana cikin walat ɗina.

Abin da ya fi ɗaure min kai sai da dare na ji shi daga bakin Ayah. Shi masunci ne, ranar yana can cikin teku da nisa tun daren Asabar. Ba ya jin Turanci, abokina ke fassara min. Ya ce sun ji wani bugu a ƙasan jirgi kamar sun hau kan dutse alhali ba dutse a wurin, bayan wani lokaci ruwa ya ɗaga su a hankali ya sauke, suka kalli juna suka ci gaba da aiki. Sai da suka juyo gida suka fara cin karo da katako, da rufin gida, da katifa, da abin da bai ƙarasa faɗa ba. Ya ce da suka hango gaci bai gane garin ba, don duk alamomin da yake bi ya shigo babu su. Abokina lokacin yana yaro, sun kwana gidan dangi a can cikin ƙasa shi da Mak, shi ya sa suka tsira. Ayah ya yi shiru ya kunna taba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Daga baya abokina ya ce min abin da Ayah ya ji shi ne ainihin yadda take a tsakiyar teku, faɗi gare ta ba tsayi ba. Wani tauraron ɗan adam mai suna Jason-1 ya ratsa ta saman tekun Indiya awa biyu bayan girgizar, ya auna tsayinta bai wuce santimita 60 ba. Santimita sittin fa, ko gwiwa da ƙyar. Kalmar ma ta Japananci ce, ma'anarta igiyar tashar jirgin ruwa, don a tasha ake ganin ta ba a tsakiyar ruwa ba. Su mutanen Aceh suna da tasu tsohuwar kalmar, ie beuna, amma ya ce kafin 2004 yawancin matasa a tatsuniya kawai suka san ta.

Rana ta uku muka hau becak, babur ne da aka liƙa masa kujera a gefe, muka yi ciniki da mai shi a kan rufiya 150,000 ya zaga da mu har la'asar. Ya kai mu unguwar Punge inda wani ƙaton jirgi yake zaune a tsakiyar gidajen mutane, PLTD Apung, jirgi ne mai injin ba da wutar lantarki, nauyinsa tan 2,600, yana ɗaure a bakin teku a Ulee Lheue ruwa ya ɗauko shi ya kawo shi nan sama da kilomita biyu. Na hau har samansa na waiga ina neman tekun, can da nisa na hango shi. A nan ne na daina tunanin igiya irin ta hoton kalanda mai lanƙwasa da farin kumfa. Mai becak ɗin ya ce baƙi ne ruwan, kuma ba faɗuwa ya yi ya koma ba, tahowa ya yi ta yi kamar kogi ya ɓalle, da motoci da itatuwa da kwanon rufi a cikinsa, yawancin mutane tarkacen ne ya kashe su. Ya ce na biyun ya fi na farko. Wannan ma abokina ya ce haka take, ba guda ɗaya ba ce jere ne, tsakaninsu minti goma har zuwa awa, mutane da yawa a ƙasashe daban-daban sun sauko neman 'yan uwa bayan ta farko sai ta biyu ta same su. A Lampulo kuma akwai jirgin masunta da ya sauka a kan rufin wani gida, mutum 59 suka tsira a cikinsa, an bar shi a wurin an yi masa ƙafafun ƙarfe.

Lampuuk kuwa sai da muka ɗauki mota. Bakin teku ne mai kyau na ban mamaki, farin yashi, ana gasa kifi, yara na wasa. Masallacin Rahmatullah na nan ba nisa da ruwa, shi ne wanda hotonsa ya zaga duniya, fari shi kaɗai a tsaye komai na kewaye ya share. Turkiyya ce ta gyara shi ta gina gidajen ƙauyen, har yanzu da wata da tauraro a jikin gidajen. An bar wani ɓangare daga ciki yadda ruwan ya bar shi, ginshiƙi a karye rodi a waje. Wani dattijo da muka tarar bayan azahar ya ce kafin ruwan ya zo tekun janyewa ya yi, ƙasa ta bayyana, kifi na ta tsalle a kan yashi, mutane suka ruga kwasa. Na tambayi abokina me ya sa, ya ce lokacin da wani gefe na ƙasan teku ya ɗaga wani gefen nutsawa ya yi, toh ɓangaren gabas, wato su da Tailan, kwarin igiyar ne ya fara isa shi ya sa ruwa ya ja baya. Su kuwa Siri Lanka da Indiya da ke yamma doron ne ya fara zuwa musu, babu wannan alamar ma. Kenan in ka ga teku ya janye ka gudu, amma in bai janye ba ba shi ne ka tsira ba.

Ya ba ni labarin tsibirin Simeulue, wanda ya fi kusan kowa kusa da inda girgizar ta tashi. Su tsunami ta taɓa cinye su a 1907, sai kakanni suka sa abin cikin waƙa da labarin da ake yi wa yara, suna kiransa smong: in ƙasa ta girgiza ruwa ya ja baya, bar komai ka hau tudu. A 2004 mutanen tsibirin sun haura 70,000, waɗanda suka mutu bakwai ne. Na daɗe ina juya wannan a raina a motar dawowa.

Sai kuma amsar tambayata ta Somaliya. A gidan tarihin akwai taswira, abokina ya sake zana min ita a yashi. Tsagar daga kudu zuwa arewa ta miƙe, don haka ƙarfin ruwan gabas da yamma ya nufa, kamar ka tura faffaɗan katako cikin kududdufi, gaba da baya ruwan zai fi tafiya ba gefe ba. Shi ya sa Bangaladash da ke arewa, ga ta kusa ga ta a kwari, kusan ba abin da ya same ta, amma Siri Lanka da ke yamma kai tsaye ta rasa mutum sama da 30,000. Wajen awa biyu ruwan ya yi kafin ya kai can da Tailan. Har lanƙwasa ya yi ya zaga bayan tsibirin Siri Lanka ya kifar da jirgin ƙasa cike da fasinja a Peraliya, don igiyar tana karkata ta bi inda ruwa ya rage zurfi. Kuma da yake doguwa ce sosai ba ta zubar da ƙarfinta a hanya, haka ta ratsa tekun Indiya gaba ɗaya, bayan kamar awa bakwai ta sauka a gaɓar Somaliya, garin Hafun ya fi shan wahala, mutum kusan 300 suka mutu a ƙasar. Ya ce ba yau aka fara ba, a 1960 girgizar Chile ta aika ruwa ya kai Hawai cikin awa 15, Japan cikin awa 22, ya kashe mutane a duka biyun.

Gaskiya wannan ne ya fi ci min rai. Na Aceh minti ashirin ne, ko an yi shela da wuya a kai ko'ina. Amma awa biyu? Awa bakwai? Ana nuna gawarwaki a talabijin a wani gefen tekun, a ɗaya gefen masunta na gyara koma ba wanda ya ce musu komai. Lokacin tekun Fasifik na da cibiyar gargaɗi a Hawai, tekun Indiya kuwa babu, sai a 2006 aka kafa. Yanzu akwai na'urori a ƙasan teku masu jin nauyin ruwan da ke kansu ya canza ko da kaɗan ne, su aika wa wata tulluwa da ke saman ruwa, ita kuma ta aika ta tauraron ɗan adam. A Ulee Lheue na ga dogayen gine-ginen tsira da Japan ta gina, ƙasansu a buɗe don ruwa ya wuce, da hasumiyar jiniya, da alluna ko'ina masu hoton mutum yana gudu da kibiya. Abokina dai bai cika yabon abin ba, ya ce a Afrilun 2012 an yi wata girgizar mai ƙarfin 8.6, gari ya rikice kowa ya hau mota da babur aka cushe titi ba gaba ba baya, da ruwa ya zo da a cikin go-sulo zai same su. Allah ya sa waccan gogayya ce ta gefe da gefe, ƙasan teku bai ɗaga sosai ba, ruwan da ya taso kaɗan ne. Ashe ba kowace babbar girgiza ke haifar da ita ba, sai wadda ta ɗaga ƙasa ko ta nutsar.

Rana ta huɗu muka tsallaka Sabang a tsibirin Weh da jirgin fito mai sauri, minti 45, na sha amai ba kaɗan ba, muka je Kilomita Sifili, alamar da ke nuna inda ƙasar Indunusiya ta fara daga yamma, muka yi hoto muka dawo da yamma. A dawowa ruwan ya kwanta luf, na fito waje na riƙe ƙarfe ina kallonsa, shuɗi har ya yi baƙi-baƙi. Na ce wa abokina yanzu in ta wuce ta ƙarƙashinmu ba za mu sani ba kenan? Ya ce in muna kan zurfi sosai da wuya, sai dai mu ji a waya. Ya ce shi ya sa in gargaɗi ya samu jirgi a can cikin teku ba a ce masa ya dawo tasha, tsayawa yake a zurfi har abin ya wuce.

Daren ƙarshe ban yi barcin kirki ba, gidan ba shi da nisa da ruwa, duk babur ɗin da ya wuce sai in ji kamar gado ya motsa. Na ajiye takalmi da fasfo a bakin ƙofa. Da asuba Mak ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira Ayah ta nuna masa, sannan ta ɗaga labule ta nuna min nata, wata 'yar jaka a rataye a ƙusa da takardun gida da tocila a ciki, ta ce tun da suka dawo gidan take wurin. Ta cusa min ƙullin garin kofi na Ulee Kareng a jaka, Ayah ya raka mu har titi.

A jirgi na samu kujerar taga. Muna ɗagawa na ga garin gaba ɗaya a shimfiɗe, fili ne fetal daga bakin ruwa har gindin duwatsu, sabbin rufin kwano na ta ƙyalli. Na zaro takardar kofin nan na duba lissafin, na ɗaga kai na tambayi abokina gudun nawa jirgin nan yake yi, ya ce in ya daidaita wajen 800, ya gyara wuya ya kama barcinsa.